Gulbi ba ya manta hanyarsa

A wannan sati za mu leƙa gundumar Madarunfa, kudu da Maraɗi, inda ruwa yake arziki, yake kuma barazana.

Duk wanda ya san wannan yanki ya san albarkarsa daga gulbi take. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga Nijeriya, ya ratsa Jibiya, ya shigo ƙasarmu ta wajen Nyalwa, ya shayar da fadamu da garake, sa'an nan ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji ya koma inda ya fito. Da rani yashi ne zalla, yara na wasa cikinsa, amalanke na ratsa shi. Wannan shirun nasa shi ke ruɗin mutane.

Abin lura shi ne, ruwan da ke cin ƙauyukan Madarunfa ba lalle a kansu ya sauka ba. Ana iya kwana da taurari a sama, a tashi da ruwa cikin ɗaki, domin an yi shi kamar da bakin ƙwarya can ƙetaren iyaka. A watan Yuli na 2018 ambaliya ta faɗa wa Jibiya cikin dare, ta kashe fiye da mutum 40, kuma ruwan nan gangarowa ya yi wajenmu. A wannan damanar ce kuma cutar kwalara ta ɓulla a gundumar. A 2024 ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da miliyon 1 da rabi, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Mine ne ya ƙara tsananta al'amarin? An sare itatuwan tudu, ƙasa ta ƙeƙashe ba ta shan ruwa, sai ya kwararo da gudu ɗauke da yashi. Yashin ya cike cikin gulbi, ruwa ya rasa wurin zama, ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Ginin laka kuwa daga gindi yake mutuwa: in ruwa ya kwana biyu a jikin bango, faɗuwa tasa ce, sau da yawa bisa masu barci.

Magabatanmu sun taɓa karɓar wannan darasi. A 1945 gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, dole aka tashi aka koma bisa tudu, inda birnin yake har yau. To, don mi jikokinsu suke gangarawa suna gini inda kakanni suka gudo?

Gare ku ma'aikatan hukuma: duk takardar fili da aka sa wa hannu cikin hanyar ruwa, alhakin abin da ya biyo baya yana wuyan mai sa hannun. Kuma gargaɗi ba ya bukatar kuɗi masu yawa. A ce kowane ƙauye na bakin gulbi yana da mutum guda da aka ɗora wa kiran na ƙasa da shi ta salula da zarar ruwa ya taso, har da maƙwabtanmu na Jibiya, kuma kowa ya san tudun da zai nufa. Awa guda ta isa a fidda yara da tsofaffi da bisashe.

Gare ku ƴan kasuwa: mangazar hatsi da ke cikin kwari caca ce da jari. A ɗaga buhuna bisa katako, a gyara indararo, a yashe magudana tun watan Mayu. Buhun da ya jiƙe bai ci riba ba, bai kuma ciyar da kowa ba.

Ruwa na Allah ne, amma wurin aza tubali zaɓin mutum ne. Tabarma da buhun shinkafar agaji ba su maido wanda bango ya danne.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai sati mai zuwa.