Daga Kaduna Zuwa Jidda: A Gaya Wa Alhazai Gaskiyar Awanni

Maniyyacin da ya tashi daga Kudenda, ya tsallaka Kogin Kaduna ya bi titin Nnamdi Azikiwe zuwa sansanin alhazai na Mando, yakan ji ana cewa Jidda ai tafiyar awa biyar ce. Lissafin ba ƙarya ba ne: tsakanin filin jirgin saman Kaduna da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,600, in jirgi ya miƙe ta saman Chadi da Sudan, hanyar da kakanninmu suka yi shekaru suna takawa kafin su kai tashar jiragen ruwa ta Suwakin. Amma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka yi zagaye, awanni suka ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. Ga zaman jira a sansani, ga agogon Saudiyya da ke gaban namu da awa biyu. Tsoho mai ciwon suga yana tsara abincinsa da maganinsa ne bisa awannin da aka gaya masa. Hukumomin alhazai, ku faɗa wa kowane maniyyaci hanyar da jirginsa zai bi da awannin da zai ɗauka, tun kafin ya bar gida.