Jiran Gurbi a Jirgin Safe

A wannan fitowa na ɗan jingine maganar samari da lefe, saboda wata wasiƙa da ta iso mini daga Agege ta Legas, wadda na ga amsarta za ta amfani da yawa daga cikinku.

Mai wasiƙar amarya ce, watanta bakwai da tarewa. An bugo musu waya daga Kano cewa mahaifiyarta na kwance a asibiti, maigidan ya yankar mata tikitin jirgin yamma don shi ne mai sauƙin kuɗi. Ita kuwa barci ya gagare ta, tun asuba ta sa aka kai ta filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja. Tana zaune tana share hawaye jirgin safe na kamfanin da ta yanki tikitinsa ya tashi zuwa Kano, ita kuma ta yini a kan benci. Sai da rana ta yi wata Hajiya da ke kusa da ita ta ce, "Yarinya, ai da kin yi magana da wataƙila sun ɗauke ki." Shi ne take tambaya: "Anti, wai da gaske ne? Kuma da na nema ban samu ba, tikitina na yamma ya ƙone ke nan?"

To ƙanwata, Allah Ya ba Mama lafiya. Hajiyar nan gaskiya ta faɗa miki. Abin yana da suna, Turawa na ce masa sitanbai, mu kuwa sai mu ce jiran gurbi. Wato kina da tikitinki na jirgin baya, sai ki nemi a rubuta sunanki a jerin masu jira, idan kujera ta ragu a jirgin da ke gaba a ba ki.

Kina iya cewa, ina kujera za ta ragu bayan an ce jirgi ya cika? Ai ba duk wanda ya yanki tikiti ne ke zuwa ba. Wani ya makara a cunkoson titi, wani ya fasa, wani barci ne ya kwashe shi. Kamfanoni sun san da haka, shi ya sa ma wasunsu ke sayar da tikiti fiye da yawan kujerun. Ana rufe kantar tantance fasinja kafin tashi, a jiragen cikin gida galibi da kimanin minti 45, kodayake kowane kamfani da nasa tsarin. Da an rufe ne ma'aikaci ke ganin ainihin waɗanda suka zo, kujerun waɗanda ba su zo ba kuwa sun zama na rabo. Don haka mai jiran gurbi ba ta sanin matsayinta sai a 'yan mintocin ƙarshe, kuma wannan zaman ɗar-ɗar ɗin shi ne wahalar abin.

Batun ƙonewar tikiti, nan ne nake so ki buɗe kunne. Jiran gurbi na gaskiya ba ya taɓa kujerarki ta yamma. Tana nan da sunanki har sai an miƙo miki katin shiga jirgin safe a hannu. Amma akwai wani abu mai kama da shi, wato canjin tikiti, inda ake cire ki daga jirgin yamma gaba ɗaya a mayar da ke na safe. A nan gida Nijeriya galibi ta wannan hanyar ake bi, kuma akan nemi kuɗin canji, da cikon bambanci idan na safen ya fi tsada. Tikiti mai rangwame irin wanda maigidanki ya yanka shi ya fi tsauraran sharuɗɗa. Saboda haka kafin ma'aikaciya ta danna komai a kwamfuta, ki tambaye ta a fili: "Idan ban samu wannan ba, kujerata ta yamma tana nan?" Sannan, "Nawa zan cika?" Kada kunya ta hana ki. Na san halinmu, an koya mana sunkuyar da kai a gaban baƙo, amma a kantar jirgi wadda ta yi shiru ita ke yini a benci.

A Amurka abin ya fi sauƙi. Kamfanin United ya soke kuɗin canjin tikitin cikin gida a watan Agusta na 2020, lokacin annobar korona, kuma daga 1 ga Janairun 2021 ya bar fasinja su nemi gurbi a jirgin da ke gaba a rana ɗaya ba tare da biyan ko sisi ba. Can ta manhajar waya ma ake shiga jerin, mutum yana kallon sunansa yana matsowa sama. Sai dai ko a can ba wanda ya riga zuwa ne kullum ke kan gaba ba. Masu yawan tafiya da kamfanin da masu tikiti mai tsada su ake fara dubawa. Duniya dai ko'ina mai abu shi ne a gaba.

Yanzu ga abin da ya fi kayar da mu mata: kaya. Mu dai ba ma tafiya sai da akwati biyu da buhun tsaraba. To mai neman gurbi, jakar hannu ita ce ƙawarta. Idan kin riga kin ba da akwatinki an ɗaura masa takardar jirgin yamma, da wuya a yarda a ɗauke ki a na safe, domin ba a son raba fasinja da kayansa. Wannan doka ta ƙara tsanani ne bayan bam ɗin da aka ɓoye a akwati ya tarwatsa jirgin Pan Am a samaniyar Lokabi ta Sikotilan a 1988. Don haka ki fara neman gurbi kafin ki kai kaya awo. Jakar hannun kuma ki duba cikinta. Tun 2006 yawancin filayen jirgi ba sa barin kwalbar ruwa-ruwa da ta wuce mililita 100 ta shiga a hannu. Babbar kwalbar humrarki, da man shanu, da almakashi ko reza, duk suna iya tsayar da ke a wajen bincike alhali ana kiran sunanki.

Ki riƙe katin shaidarki a kusa, kuma sunan da ke kai ya dace da na tikiti. Bayan an rubuta ki, kada ki tafi neman shayi ko ki shige masallaci da nisa ba tare da kin faɗa wa ma'aikaciyar ba. Sau ɗaya ko biyu ake kira, in ba a gan ki ba a kira na baya. Idan ku biyu ne, ke da ƙanwarki ko 'yar rakiya, ku yanke shawara tun farko, don sau da yawa kujera ɗaya ce tak ke raguwa. Ni dai ban ga dalilin barin yarinya ita kaɗai a filin jirgi don a riga ta isa ba.

Ko babu larura ma, jirgin safe ya fi na yamma tabbas. Jirgi ɗaya ne ke zirga-zirga tsakanin garuruwa yini guda, jinkirin da ya samu a zangon farko yana ta taruwa har dare. Ga kuma hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda kan hana sauka a filin Malam Aminu Kano idan ya yi kauri. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba daga Legas sai ta cinye yini. Idan jinkirin ya kama ki, dokar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta tanadi a ba fasinjan cikin gida ɗan abin taɓawa bayan awa biyu, kuma idan abin ya yi tsawo yana da ikon neman a mayar masa da kuɗinsa.

Iyayenmu kan ba da labarin shekarun 1980 da 1990, zamanin Nigeria Airways da Kabo da Okada, yadda wani lokaci ake rugawa da gudu zuwa bakin jirgi, mai ƙafa ya samu kujera. Wancan zamani ya wuce, yanzu kwamfuta ce ke rabo. Abin da bai wuce ba shi ne 'yan cuwa-cuwa. Za ki ga mutum tsaf-tsaf ya matso yana cewa, "Hajiya, Kano ne? Kawo tikitin da ɗan wani abu in shigar da ke." Kada ki ba shi. Wanda ke bayan kanta da rigar kamfani shi kaɗai ke da ikon saka suna, kuma duk kuɗin da kika biya ki karɓi rasit. Haka nan Alhajin da zai ga idonki ya yi ja ya ce ya san manaja, ki ba shi lambar wayarki kawai. Ki gode masa, ki koma layi.

Da zarar katin ya shigo hannunki, ki bugo gida kafin a ce a kashe waya, don masu tarbarki lokacin yamma suka sani. In kuwa tikitin na zuwa da dawowa ne, ki sa ma'aikaciyar ta duba miki cewa na dawowar yana nan daram, domin idan kwamfuta ta ɗauka ba ki hau na zuwa ba, takan soke na dawowa.

Masu wasiƙun da suka yi tambaya kan kayan ɗaki ku yi mini haƙuri, sai fitowa ta gaba. Wassalam, taku a kullum.