Idan jirage biyu suka yi karo a teku, wa ke biyan asara?

Ranar 10 ga watan Maris na 2025, jirgin dakon kwantena Solong, mai tutar Fotugal kuma mallakar wani kamfanin Jamus, ya afka wa jirgin dakon mai Stena Immaculate yana tsaye a kan anga kusa da gabar gabashin Ingila. Jirgin man na ɗauke da ganga kusan 220,000 na man jiragen sama na rundunar sojan Amurka. Wuta ta tashi, an ceto mutum 36, ma'aikaci guda ɗan ƙasar Filifin ya ɓace a ruwa. Hukumomin Ingila sun kama kyaftin ɗin Solong, ɗan Rasha, suka tuhume shi da sakacin da ya jawo asarar rai, masu jiragen biyu kuma suka garzaya kotun harkokin teku ta Landan.

Kotu kan fara da tantance wanda ya saɓa ƙa'idar tuƙi. Dokokin kauce wa karo na 1972, waɗanda hukumar sufurin ruwa ta duniya IMO ta tsara, sun wajabta wa kowane jirgi sa ido dare da rana, da ido da kunne da na'urar rada, da kuma tafiya cikin saurin da zai ba shi damar kaucewa ko tsayawa.

Daga nan sai rabon asara. Yarjejeniyar Burusel ta 1910 ta ce in laifin na jirgi ɗaya ne, shi zai biya. In na biyun ne, kowa ya biya gwargwadon laifinsa, in kuma an kasa auna laifin a raba daidai. Haɗarin da ya fi ƙarfin kowa, kowa ya ɗauki asararsa. Mai ƙara yana da shekara 2 kacal ya shigar da ita.

Sai dai ko mai laifin ba lalle ya biya duka ba. Yarjejeniyar 1976, da aka yi wa gyara a 1996, ta ba mai jirgi damar kafa asusu gwargwadon girman jirginsa, masu neman diyya su raba abin da ke ciki, ko da asararsu ta ninka shi. Masu Solong sun bi wannan hanya.

Nijar ba ta da teku, amma shinkafa, magunguna da kayan gini da ke isa kasuwannin Maradi da Damagaram ta ruwa suke fara tafiya, yawanci ta tashar Lome tun bayan rufe iyakar Benin a 2023. Ɗan kasuwar da kwantenarsa ke cikin jirgin da ya yi karo na iya cin karo da shinge biyu. A ƙarƙashin ƙa'idojin Hag na 1924, da takardun ɗaukar kaya da dama ke dogara da su, mai jirgi ba ya biyan mai kaya idan kuskuren tuƙi ne na kyaftin ko ma'aikata. Abin da ya rage masa shi ne ya bi ɗaya jirgin, kuma kason laifin wannan jirgi kaɗai zai samu.

Shinge na biyu shi ne tsohuwar ƙa'idar asarar taro: kuɗin da aka kashe wajen ceton jirgi da kayansa, mai jirgi da duk masu kaya ne ke haɗa su, har wanda kwantenarsa ta fita lafiya. Ba a sakin kaya sai an ajiye jingina. Mai inshora kamfaninsa ke tsaya masa, maras ita daga aljihunsa zai biya, kayan kuma na zaune a tasha kuɗin ajiya na hawa.

Saboda haka, kafin kaya su bar Dubai ko Cana, ya kamata ƴan kasuwa su tambayi masu yi musu fito wace doka ce aka rubuta a bayan takardar ɗaukar kayan, kuma ko inshorar da suka biya ta haɗa da karo da asarar taro.