RAM 8+8 ba 16 ba ce, a daina ruɗa mutane

Jama'a, wannan 16GB da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwalin ƙananan wayoyi, ka duba ƙasanta da kyau, sau da yawa za ka ga 8+8. Takwas ta farko ce RAM ta gaskiya. Ta biyun aro ce, an yanko ta daga ma'adanar da kake ajiye hotuna da bidiyo. A Tecno da Infinix sunanta MemFusion, a Samsung kuma RAM Plus. Dabarar ba laifi ba ce. Laifin na mai shagon da zai kalli baƙo ya tsallako daga Konni zuwa kasuwar Illela da sefarsa, ya ce masa "sha shida ce cif". Wannan cin amana ne wallahi.

Wani zai ce ai lamba lamba ce. To mu leƙa wurin manya, masu ƙera farosesa na manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet. A 2022 AMD ta fitar da EPYC mai hanyoyi 12 na DDR5, wato tituna 12 da bayanai ke bi lokaci guda. A 2023 Intel ta zo da Xeon Max, ta dasa 64GB na HBM a jikin farosesan don hanya ta gajarta. Nvidia kuwa a Grace ɗinta LPDDR5X ta zaɓa, dangin wadda ke cikin wayoyi masu tsada, saboda ba ta shan wuta sosai. Ka ga rigimarsu a kan gudu da kusanci da wuta take. Intel ma ta taɓa gwada wani abu tsakanin RAM da ma'adana mai suna Optane, a 2022 ta sanar da rufe harkar. Kamfani mai wannan kuɗin ke nan fa, balle wayar da aka saya da kuɗin wake.

Ga lissafin, ɗan uwa. Ma'adanar eMMC da ke cikin wayoyi masu araha iyakarta kusan 400MB a daƙiƙa, ita kuwa RAM irin LPDDR4X ta haura 10GB a daƙiƙa. Amalanken jaki ne da tirela. Abin da RAM ɗin aro ke yi kawai, ta ajiye maka manhajar da ka bari a baya kada ta rufe. Ba ta hana wasa sarƙewa, kuma tana cinye wurin ajiyarka.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa a buɗe saitin wayar a gabanka, ko a sauke CPU-Z a ga RAM ta ainihi. Ka tambaya: eMMC ce ko UFS? 6GB ta gaskiya da UFS ta fi 4+4 da eMMC, ko da kwalin ya ce takwas. Mai shagon da ya hana ka dubawa, matsa shago na gaba.