DOKI MAI GUDU, INA LINZAMINSA?

A makon jiya aiki ya kai ni Kontagora, garin Sarkin Sudan, inda hanyar da ta taso daga Ikko ta biyo ta Jebba da Mokwa take ratsawa ta nufi Yawuri da Sakkwato. Motar da na shiga ta sami matsala, saboda haka na yini a wani gareji kusa da tasha. A nan na tarar da wani saurayi tsaye a kan bakanike, ana kwance masa salansa. Da na tambaya ko lalacewa ta yi, sai bakaniken ya ce lafiyarta lau, mai ita ne dai yake son ta ƙara gudu da ƙara. Kuɗin da ya kashe a wannan wata, in ji shi, sun isa sayen sababbin tayu huɗu. Na leƙa tayun, na ga duk sun suɗe.

Tun daga nan nake tambayar kaina, me ke sa mutum ya ɗauki dukiyarsa ya zuba a kan mota mai lafiya?

Masu wannan hali iri biyu ne. Na farko su ne 'yan sha'awa. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin kakanninmu sun yi wa doki abin da ya fi haka. Sun ba shi dawa da kanwa, sun yi masa ado, don ranar hawa a ga ya fi na kowa a wurin sukuwa. Saurayin yau ba shi da barga, motarsa ita ce dokinsa. Na biyu su ne direbobin haya, waɗanda ke ƙara wa mota ƙarfen sifirin don ta ɗauki lodin da ya fi ƙarfinta, su kuma so ta yi sawu biyu a ranar da ya kamata ta yi ɗaya. Na farko suna neman suna, na biyu suna neman abinci.

Ko a ƙasashen Turawa haka abin ya faro. Tsakanin 1920 da 1933 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da giya, sai 'yan fasa-ƙwauri suka riƙa ƙara wa motocinsu ƙarfi don su tsere wa 'yan sanda. Daga baya suka koma yin tsere a tsakaninsu, har aka kafa ƙungiyar NASCAR cikin 1948. A nan gida kuwa, cikin 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma a wannan shekara ce Peugeot 504 ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya. Ba abin mamaki ba ne da direbobinmu suka ɗauke ta sarauniyar hanya.

To, yaya ake ƙara wa mota ƙarfi? Inji ba ya cin komai sai iska da mai, fulogi ya ba su wuta. Duk dabarar ita ce a cusa masa iska da mai fiye da yadda aka ƙera shi. A zamanin kafireto, bakanike yakan sauya 'yar ƙofar da mai ke bi da wadda ta fi ta faɗi. Motocin yanzu kwamfuta ce ke auna musu mai, sai a sake mata lissafi. Wasu sukan ɗaura turbo, wato wata fanka da hayaƙin salansa ke juyawa tana tura iska cikin inji. Duk wannan ilmi ne, ba na raina shi. Amma ƙarin wuta ƙarin zafi ne, in lagireto bai iya da shi ba sai gasket ya ƙone, ko injin ya buga.

Akwai kuma abin da ba gyara ba ne, ɓarna ce. Cikin salansa akwai wani abu mai kama da saƙar zuma wanda bakanikai ke kira "indomi". Aikinsa rage gubar hayaƙi, kuma yana ɗauke da ƙarafa masu tsada. Sai a ce wa mai mota shi ne ke shaƙe ta, a cire, a sayar a bayan idonsa. Ya tafi yana murna da ƙara, mutanen unguwa suna shaƙar guba.

Yanzu mu yi lissafi. Tafiyar kilomita 100, in ana gudun kilomita 100 a awa, minti 60 ce. In aka kai 140, ta koma kamar minti 43. An ci ribar minti 17 ke nan. Amma nisan da mota za ta ci bayan an taka birki kafin ta tsaya ya kusa ninkawa biyu, domin in gudu ya ninka biyu, wannan nisa sau huɗu yake ninkawa. A hanyar da ke cike da tankoki da tireloli, ga shanu na tsallakawa, ga 'yan talla a bakin titi, wa zai sayar da ransa a kan minti 17? Wannan ne ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu cikin 2017.

Ni ban ce a kashe wa samari sha'awarsu ba. Daga cikin irinsu ake samun injiniyoyi. Shawarata uku ce. Ta farko, wanda zai ƙara ƙarfin inji ya fara da birki da taya da shokozoba, haka masu tseren gaskiya ke yi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, a duba kafin a saya. Ta biyu, hukuma da attajirai su keɓe fili a bayan gari inda za a yi tsere bisa ƙa'ida, da hular kwano da likita a kusa. Ai an sha haɗa tseren motoci da bikin kamun kifi na Argungu. Ta uku, fasinja ya daina zuga direba. Wanda ya ce "Direba, taka mana, muna sauri," shi ma yana da hannu cikin abin da ya biyo baya.

Kafin in bar garejin na ce wa saurayin nan, "Ƙanena, ko Sarkin Dawaki ba ya hawan ingarma sai ya duba linzami." Ya yi dariya, ya ce zai sayi tayun a ƙarshen wata. Allah Ya sa ya kai ƙarshen watan lafiya, Ya kiyaye mu da mugun ji da mugun gani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.