Ra'ayinmu: Rufe Littafin, Ka Tambayi Kanka

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a kowace shekara da zarar bazara ta kama, gidajenmu da yawa sukan shiga wani hali na zullumi wanda ba sai an faɗa ba. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da ke ajin ƙarshe na sakandare suna fuskantar jarrabawa bi da bi: ta JAMB ta shiga manyan makarantu, sannan ta WAEC, sannan ta NECO, wasunsu kuma ga ta hukumar NBAIS ta Larabci da darussan Musulunci. Karatun shekara shida ne ake aunawa cikin 'yan makonni, kuma a kan kiredit biyar ɗin nan ne ƙofar jami'a take buɗewa ko ta rufe.

A shekarar 2025 ɗalibai kimanin miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar JAMB, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Dalilai suna da yawa, ba mu musu. Akwai ƙarancin malamai, akwai cunkoson aji, akwai ɗakunan gwaje-gwaje da suka zama kufai, ita kanta hukumar ta amsa cewa na'urorinta sun cuci ɗalibai kusan 380,000 a wannan shekarar, har ta sake musu zama. Waɗannan duka suna wuyan hukumomi, kuma za a tambaye su. Amma akwai wani sashe na matsalar da yake hannunmu, a cikin ɗakunanmu, shi ne yadda yaranmu suke yin bita.

Kowannenmu ya san wannan yaron. Ya shimfiɗa tabarma, ya kunna fitila, ya buɗe littafin ilmin halittu, yana bin shafi da ido tun bayan isha'i har tsakar dare, yana ja wa layuka biro. Mahaifinsa ya leƙo ya gan shi, ya koma ɗaki yana sa masa albarka. Shi ma yaron ransa ya yi fari, domin duk shafin da ya buɗe sai ya ji ya san shi. To, alhali abin da ya samu sanin fuska ne kawai, irin wanda kake yi wa mutumin da kuke haɗuwa a kasuwa kullum, amma da za a ce ka faɗi sunansa sai ka yi shiru. A ɗakin jarrabawa kuwa sunan ake tambaya, littafin kuma ba ya nan. Shi ya sa za ka ji yaro ya fito yana rantsuwa cewa ya karanta wurin, kansa ne ya ɗauke. Bai yi ƙarya ba. Ya karanta, sai dai bai taɓa gwada fito da abin daga kansa ba, ko sau ɗaya, kafin ranar.

Abin mamaki, mu ne mutanen da bai kamata a koya wa wannan ba. Wane malamin allo ne zai yarda yaro ya wanke allonsa don kawai ya daɗe yana kallonsa? Sai ya kife allon ya biya da ka, malam yana saurare, in ya yi tuntuɓe a mayar da shi. Gardi kuma ba ya barin abin da ya haddace bara don yana kan sabon karatu. Yana da lokacin tilawa da ba ya taɓawa, domin ya san hadda dabba ce mai tsinke igiya. Wanda ake kira alaramma, an gan shi ne ya zauna da tawada da alƙalami ya rubuta da ka. Amma sai ga ɗan gidan nan, wanda ya taso a wannan tarbiyya, ya shiga makarantar boko ya ajiye ta a bakin ƙofa, kamar an ce masa ilmin sinadarai da tarihi wata ƙwaƙwalwa ce dabam take riƙe su.

Shaihu Burhanuddin Az-Zarnuji, a littafinsa Ta'alimul Muta'allim wanda ake karantawa a zaurukanmu har yau, ya shawarci ɗalibi ya maimaita darasin jiya sau 5, na shekaranjiya sau 4, wanda ya gabace shi sau 3, haka har zuwa 1. Wannan fa sama da shekara 700 ke nan. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna mantuwa a kan kansa, ya tarar cewa mafi yawan abin da mutum zai manta yana zubewa ne a sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara wuri ɗaya. A 2006 kuma wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai nassi, wasu suka yi ta sake karanta shi, wasu aka sa su rufe su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu sake karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai al'amari ya juye, masu rufe littafi suka wuce su. A lura da wannan da kyau, domin nan ne yaudarar take: hanya maras amfani ita ce mai daɗi a daren da ake yin ta, mai amfanin kuwa tana da ɗaci, saboda tana nuna wa ɗalibi jahilcinsa ƙarara.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Ba kira muke yi ga haddar aku ba. Wanda ya haddace ma'anar wata ƙa'ida ta lissafi bai iya aiki da ita ba, za a juya masa tambaya kaɗan ya ɓace. Abin da muke cewa shi ne, bayan an fahimci darasi a rufe littafi, a ɗauki farar takarda, a rubuta shi da kalmomin kai, a zana hoton zuciya ko na fure a sa wa kowane sashe sunansa, sannan a buɗe a gwada. Inda aka yi kuskure, nan ne karatun gobe. Lissafi kuwa ba a karanta shi kwance. Wanda bai riƙe biro ya warware tambaya da hannunsa ba, kallo ya yi.

Mai wannan rubutu ya taɓa koyarwa a wata sakandare, ya kuma sha ganin ɗalibi yana bin littafi daga bango zuwa bango bai taɓa ganin manhajar jarrabawar da zai zauna ba. WAEC da NECO da JAMB kowace tana da manhaja a rubuce, mai faɗin abin da za a tambaya. A same ta, a bi ta kai bayan kai, a sa alama a kan abin da aka iya da wanda ba a iya ba. Kuma a fara da wanda ba a iya ba. Rai yana son komawa ga darasin da ya ƙware a kai, shi ya sa za ka ga ɗanmu ya ba darasin addini da Hausa sa'a uku, ya ba Turanci minti goma, alhali Turancin ne yake tare shi a ƙofa shekara bayan shekara. Tambayoyin shekarun baya kuma, waɗanda ake sayarwa a ko'ina, an mayar da su littafin karatu: a duba tambaya, a juya baya a duba amsa, a gyaɗa kai. Asara ce. Haƙƙinsu shi ne a ajiye agogo, a zauna kamar a ɗakin jarrabawa, a amsa takarda guda cif, sannan a ba wani ya duba. Ɗalibai uku masu himma da suke haɗuwa suna yi wa juna tambayoyi sun fi aji guda na masu kallon littafi. In sun kai goma kuwa, hira ce.

Shiga ɗakin jarrabawa shi ma ilmi ne mai zaman kansa. Hukumar WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu a kan kowane darasi, kuma kukan da suke maimaitawa kusan ɗaya ne: ɗalibai ba sa karanta umarni, suna amsa abin da ba a tambaya ba, ba sa iya bayyana abin da suka sani. An ce ka kwatanta abu biyu, kai kuma ka lissafo siffofin ɗaya. An ce a amsa tambaya daga kowane sashe, ka kwashe duka daga sashe guda. Minti biyar na farko a ba karanta takarda gaba ɗayanta, a raba lokaci gwargwadon makin kowace tambaya, a fara da wadda aka fi sani. A lissafi a nuna matakan aiki, domin ana ba hanya maki ko da amsar ƙarshe ta kuskure. A insha'in Turanci, wanda ake so ya kai kalma 450, kyawun bayani ne yake ɗaukar kaso mafi girma na maki, don haka gajerun jimloli ingantattu sun fi manyan kalmomin da aka aro ba a san mazauninsu ba. JAMB kuwa tambaya 180 ce cikin sa'a 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Zalunci ne a bar yaro ya fara taɓa kwamfuta a ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daren jarrabawa kuma na barci ne. Goro da shayi mai kauri ba sa sa abin da bai shiga cikin wata shida ba ya shiga cikin dare ɗaya.

Dole mu faɗi wata magana mai nauyi, domin a cikinmu take. Akwai iyaye, har da masu halartar karatuttukanmu, da suke cire 'ya'yansu daga makarantarsu a shekarar ƙarshe su kai su wata cibiya a wani ƙauye, inda aka san ana rubuta amsa a allo, su biya kuɗi ninki biyu suna kiran abin taimako. Ha'inci ne, ko da wane suna aka sa masa, kuma dokar ƙasa ta 1999 a kan maguɗin jarrabawa ta tanadi tara da ɗauri a kansa, ban da soke sakamako da hukumomin suke yi. Uban da ya yi haka ya koya wa ɗansa cewa gaskiyar da ake wa'azinta a gida tana da ranar hutu. Sannan yaron da ya shiga jami'a da kiredit ɗin da ba nasa ba, shi ne gobe zai riƙe allura a asibiti ko alli a gaban 'ya'yan wasu. Mafi yawan masu neman satar amsa ba mugunta ce take kai su ba, tsoro ne, kuma tsoron yana zuwa ne daga rashin taɓa gwada kai. Wanda ya zauna takardun shekara biyar a ɗakinsa ya ga makinsa yana hawa, ba ya buƙatar a sayo masa komai.

Saboda haka muna kira ga iyaye su sauya tambayar da suke yi. Maimakon "Ka yi karatu?" uba ya karɓi littafin ya ce: "Faɗa mini abin da ke wannan shafi." Ko bai yi boko ba zai gane mai bayani da mai kame-kame. A ɗauke wa 'yan mata wani sashe na aikin gida da talla a waɗannan watanni, domin takarda ɗaya za a ba su da 'yan'uwansu maza, a kuma karɓi waya a lokacin bita. Rassanmu kuma ba su rasa malaman lissafi da Turanci da kimiyya ba, ba su rasa azuzuwan Islamiyya da suke zama a rufe wasu sa'o'i na mako ba. Kowane reshe ya zaɓi yini ɗaya a mako, ya tara 'yan ajin ƙarshe na unguwa, maza da lokacinsu mata da nasu, a raba musu takardar shekarar baya, a sa agogo, a duba, a mayar wa kowa tasa da jan biro a mako mai zuwa. Reshen da yake da mai shagon kwamfuta a cikinsa ya nemi alfarmar sa'a biyu ga waɗanda za su zauna JAMB, tun kafin a fitar da ranakun jarrabawa.