Gyaran tsohuwar mota: Don hawa ko don gwanjo?

Kwanakin baya yayana ya bugo mini waya daga Kano bayan ya ga hoton wata tsohuwar mota da ɗana ya aika wa 'yan uwansa. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya jefo mini tambaya: "Yanzu kai ƙanena, da iliminka da hankalinka, ka rasa inda za ka zuba guminka sai a kan akwalar da ta girme ka? Anya wannan ba almubazzaranci ba ne?" Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin yayana ba mutum ne mai magana don son zuciya ba. Dalili ke nan da ya sa na ga ya dace in ba shi amsa a wannan fili, tun da na san akwai masu karatu da dama da za su yi mini irin tambayarsa.

Motar da ake batu a kanta Pontiac GTO ce ƙirar 1968, wadda na saya a jihar Michigan ta Amurka, inda neman abinci ya kai ni. Tana cikin jinsin motocin da Amurkawa suka yi wa laƙabi da masu ƙwanji, wato matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu da aka ɗora wa ƙaton inji mai silinda takwas. Injin tawa lita 6.6 ne, mai ƙarfin dawaki 350, wanda a girma ya ninka na Peugeot 504 da muka sani sau uku da ɗoriya.

Ya kamata mai karatu ya san asalin waɗannan motoci, domin a cikin asalin nasu hujjata take. A farkon shekarun 1960 kamfanin General Motors yana da doka cewa kada a sa wa matsakaiciyar mota injin da ya wuce lita 5.4. Sai wani injiniya a sashen Pontiac, John DeLorean, da abokan aikinsa suka yi wa dokar dabara: a 1964 suka fitar da injin lita 6.4 a matsayin ƙarin da mai saye zai zaɓa a kan motar Tempest, a kan kuɗin da bai kai dala 300 ba. An yi hasashen sayar da 5,000, sai ga shi an sayar da sama da 32,000 a shekarar farko. Nan da nan sauran kamfanonin Detroit suka shiga gasar. Dodge ta fito da Charger, Plymouth ta fito da Road Runner a 1968 a kan ƙasa da dala 3,000, Chevrolet kuma ta kai Chevelle ga ƙarfin dawaki 450 a 1970, shekarar da galan ɗin fetur yake kimanin santi 36. Masu sayen su galibi leburorin masana'antu ne da matasa masu ƙaramin albashi. Mota ce ta talaka mai son gudu, wadda ke kai shi aiki da safe, ranar Asabar kuma ya buɗe bonet ya gyara ta da hannunsa.

Zamanin nasu bai wuce shekara goma ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa matasa kuɗi, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta a rage wa injuna ƙarfi, takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a Oktoban 1973 ya haddasa dogayen layuka a gidajen mai, sannan a 1974 aka ƙayyade gudu a faɗin ƙasar zuwa mil 55 a awa. A wannan shekarar aka rufe babin GTO ta asali, shi kansa sunan Pontiac kuma aka binne shi a 2010.

Lokacin da na sayi tawa, a ido shar take. Ashe kyan ɗan maciji ne. A Michigan ana watsa gishiri a kan tituna duk hunturu don narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa shi ne babban makiyin ƙarfe. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi ritaya daga masana'antar ƙera motoci, ya zo da ɗan maganaɗisu ya riƙa ɗora shi a jikinta. Inda ƙarfe yake ya manne, inda aka cike rami da fila aka shafe da fenti ya faɗo ƙasa. Ya faɗo ya fi sau goma. Wanda ya sayar mini ya rantse cewa tsatsa ba ta taɓa ta ba, ga shi ƙasan but ɗinta ya zama rariya. To, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne lambar jikinta ta fara da 242, alamar GTO ta gaskiya, domin kasuwar cike take da motocin LeMans da aka liƙa wa tambarin GTO don a yaudari baƙo irina.

Shekara biyar muka yi a kanta, ni da dattijon nan da ɗana. Muka yanke ruɓaɓɓen ƙarfe muka yi waldar sabo. Muka sauke inji muka warware shi ƙusa bayan ƙusa. A nan na koyi cewa tsohon inji yana rayuwa ne a duniyar da ba tasa ba. An ƙera shi don fetur mai dalma, wanda aka haramta wa motocin titi a Amurka tun 1996, saboda haka muka sa masa mazaunin bawul mai tauri. Fetur ɗin yau kuma akasari yana ɗauke da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin itanol da ake tatsa daga masara, mai cin tsofaffin robobin kafireta da jawo danshi cikin tanki, don haka muka sake tiyo da robobi gaba ɗaya. Ɗana, wanda a da bai san bambancin sifana da filaya ba, yau da kunne yake gane filogin da ba ya kawo wuta. Uwargida kuwa ta raɗa wa motar suna Kishiya, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu sai mu zo kan gundarin magana. Ba da daɗewa da tayar da ita ba, wata rana ina gangarowa daga wani tudu da ɗana a gefe, na taka birki na ji ƙafata tana nutsewa motar kuma tana ci gaba da tafiya. Birkin ganga ne irin na zamaninta, wanda idan ya yi zafi yake sakin jiki. Allah Ya kiyaye muka tsaya a gefen hanya. A makon na cire na gaba na sa mata birkin faifai na zamani. Da labari ya kai ga wasu masu sha'awar irin waɗannan motoci, sai suka yi mini ca, wai na ɓata ta, na zubar mata da daraja, domin a wurinsu darajar mota tana ga kasancewar kowane ƙarfe a jikinta shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta, har lambar da aka buga a jikin inji ta dace da ta jikin mota. Wani dillali ya ce da na bar ta yadda take, na daina hawa, na lulluɓe ta a gareji, da ya saye ta da tsada bayan 'yan shekaru.

A ganina wannan tunani shi ne cutar da ta kama wannan sha'awa. Ko shakka babu kuɗin da ke yawo a kasuwar yana ruɗarwa. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Hemi Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5. A Janairun 2020 an sayar da koriyar Mustang ɗin da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968 a kan dala miliyan 3.74. Irin waɗannan alƙaluma suka mayar da motar lebura kadarar attajiri. Ana ɗaukar ta a cikin tirela daga wannan baje koli zuwa wancan, ana tsoron kada agogon tafiyarta ya ƙara mil ɗaya, jikan leburan da ya ƙera ta kuwa sai dai ya leƙa ta bayan igiya. Alhali mota ba ta son zama. Wadda aka ajiye robobinta bushewa suke yi, fetur ya lalace a tanki, birki ya kama, tayoyi su tsattsage. Ingarman da aka ɗaure a turke shekara da shekaru don kada ƙura ta taɓa shi, ranar hawa ba zai kai mahayinsa ƙofar fada ba.

Ba na musun cewa akwai 'yan ƙalilan da suka cancanci gidan tarihi, kamar waɗanda aka ƙera 'yan ƙwarori ko suka shiga wani babban tarihi. Amma GTO ƙirar 1968 sama da 87,000 aka ƙera. Mai irin wannan mota da ya ƙi gyara birkinta don tsoron faɗuwar farashi ya fifita dillali a kan ran ɗansa da na mai tsallaka titi. Ni dai na adana tsohon birkin a kwali, duk wanda ya gaje ta yana iya mayar da shi idan ya ga dama. Duk shekara a watan Agusta, dubban tsofaffin motoci kan yi jerin gwano a kan titin Woodward, daga gefen Detroit zuwa garin Pontiac, al'adar da aka fara tun 1995. Waɗanda suka fi burge jama'a a wurin su ne masu tabon tsakuwa a goshi, waɗanda masu su suka tuƙo da kansu.

Sai dai adalci ya wajabta in faɗi inda yayana yake da gaskiya. Na farko, duk wanda ya ce maka gyaran tsohuwar mota jari ne, ka tambaye shi rasit. Abin da na kashe a walda da fenti da kayan gyara, ban da lokacina, ya zarce abin da za a taya ta yau. Na biyu, shan manta ba kama hannun yaro: idan na lallaɓa ta, lita ɗaya ba ta wuce kilomita biyar, hayaƙinta kuma ya fi na motar zamani dauɗa nesa ba kusa ba. Na uku, maganar da ake yi cewa ƙarfen da ya fi na yanzu kare rai tatsuniya ce. A 2009 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta gwara Chevrolet ƙirar 1959 da ta 2009 gaba da gaba, sai tsohuwar ta murƙushe har kan mazaunin direba, ɗakin sabuwar kuwa ya tsaya. Saboda haka ba na kai yara makaranta da ita, ba na fitar da ita a ƙanƙara, tafiyarta a shekara kuma ba ta taka kara ta karya ba.

To, ina amsar tuhumar almubazzaranci? A fahimtata, ma'aunin shi ne haƙƙi. Tun ranar farko muka yi sharaɗi da uwargida cewa ba za a ci bashin ko sisi don motar ba, kuma kuɗin makaranta da abin da ake aika wa iyaye da dangi a gida su ne gaba. Watan da babu rara, mota ta jira. Wannan ne ya mayar da aikin shekara biyu ya zama na biyar, kuma ban yi nadama ba, domin sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ci bashi ko ya tauye iyalinsa don fenti ya yi ƙyalli, shi kam tuhumar yayana ta hau kansa. Abin da na saya da kuɗina shi ne ilimin hannu, da haƙurin bin matsala har tushenta, da ɗaruruwan sa'o'in da na yi kafaɗa da kafaɗa da ɗana a shekarun da yara ke guje wa iyayensu.

Bugu da ƙari, akwai abin da wannan aiki ya tuna mini game da gida. Mu ma muna da motar da ta ɗauki tarihinmu. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma 504 da aka riƙa haɗawa a can ita ta kai amare ɗakunansu, ta kai alhazai filin jirgi, ta yi jigilar ma'aikata da fasinjoji daga Sakkwato har Maiduguri. Yau nawa suka rage da ƙafafunsu? Yawancinsu sun ƙare a hannun 'yan gwangwan, an auna su a sikeli. Kanikawanmu da suka san ta ciki da waje suna tsufa, iliminsu kuma yana bin su. Alhali na ga gwanintar da ke hannun mai walda a Kano ko Kaduna, wanda zai ƙera maka da guduma abin da Ba'amurke sai ya yi odarsa daga kundin kamfani. Abin da muka rasa shi ne ganin girman abin da ya tsufa, shi ya sa gininmu da injinmu da motarmu duk ajalinsu ɗaya, wato ranar da suka fara neman gyara.

Daga ƙarshe, shawarata ga duk wanda wannan sha'awa ta kama ita ce ya tafi da maganaɗisu da masani kafin ya biya, ya sayi mafi lafiyar jiki da aljihunsa zai iya domin gyaran inji ya fi yaƙi da tsatsa sauƙi, ya fara da birki da taya da sitiyari kafin fenti, ya ninka kasafinsa biyu, sannan idan ya gama ya hau abarsa. Yaya, idan Allah Ya kawo ka ziyara da bazara, makullin yana jiranka, amma ka zo da kuɗin mai. Allah Ya tsare mu daga almubazzaranci, Ya kuma sa mu iya riƙon abin da Ya ba mu amana, amin.